Shirin Tafiya Ganin Kififiyar Teku

Duk wanda ya saba shiga birnin Kano ta wajen kudu ya san Ƙofar Ɗan Agundi. Tana tsakanin Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Na'isa. A da, in mutum ya tsaya a bakin ƙofar nan ya duba dama da hagu, kududdufai zai gani a gindin ganuwa, inda aka haƙi ƙasar gini. Yanzu an cike da yawansu an yi gine-gine. A irin kududdufan nan, da tafkunan ƙauye, yara kan kama kififiya, su ɗaura mata igiya su yi ta ja. Wadda su kan kama ba ta kan fi faifai girma ba.

To, kififiyar nan tana da 'yar'uwa a cikin teku, wadda tsawonta ya kan kai na ƙyauren ɗaki, nauyinta kuwa ya kai na buhun gero huɗu ko biyar. A shekarar 1988 an tsinci wata matacciya a gaɓar teku a ƙasar Birtaniya, aka auna, ta yi kilo 916, watau fiye da buhu tara. In aka faɗa wa mutumin ƙauye haka, ba laifinsa ba ne in ya yi dariya. Amma gaskiya ne, kuma ba sai an je ƙasar Turai ba za a gan ta. Tana fitowa tudu a nan ƙasashenmu na Afirka ta Yamma.

Sai dai ba a ganin ta don an so kawai. Ba ta cikin keji, ba ta da mai kiwo. Tana da watanninta na fitowa, ruwan da za a bi a kai gare ta kuma yana da sa'o'insa. Wanda ya tashi ba shiri zai kashe kuɗinsa ya komo bai ga kome ba sai ruwa, wani ma ba zai komo ba.

A ce mu goma ne 'yan aji ɗaya, mun yi adashi shekara guda, mun taru a inuwar Ƙofar Ɗan Agundi da fensir da takarda muna shawara. Ga abubuwan da za mu zauna a kansu.

Ina za mu?

Akwai wani gari a ƙasar Gana, ana ce da shi Ada Fowa. A allon hanya za ku ga an rubuta Ada Foah. Yana wajen mil 70 gabas da Ankara, babban birnin ƙasar. Nan ne kogin Bolta ya ke faɗawa cikin teku. Kafin ya faɗa sai ya buɗe ya yi faɗi ƙwarai, ya rarrabu, ya bar tsibirai da yawa a tsakiya. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Mutanen Yawuri su kan ce gungu, shi ya sa a ke kiran mazauna tsibiran Kwara na wajensu Gungawa. Tsakanin kogi da teku kuma akwai wani dogon zirin rairayi, ruwan kogi a hannu ɗaya, ruwan gishiri a ɗaya hannun. A rairayin gaɓar nan ne kififiyar teku ta ke yin ƙwai.

Wurin ba baƙo ba ne ga Bahaushe kamar yadda ku ke zato. Yamma da Ada akwai wani tafkin gishiri mai suna Songo. Tun zamanin da, gishirinsa ya kan hau kogin Bolta cikin kwalekwale har kasuwannin Kete Karaci da Salga, can ƙasar Gwanja, inda fatakenmu su ke zuwa sarin goro da jakunansu, tafiyar watanni. Alhaji Umaru, shahararren malamin nan na Salga, a Kano aka haife shi, a Kete Karaci ya rasu a 1934. Har yau kusan kowane babban gari a Gana yana da unguwar da a ke kira zango, Hausa kuwa ita ce harshen zango. Mutanen Ada suna da nasu harshe, Dangme, na ƙetaren kogi daga gabas kuma Ewe su ke ji. Amma wanda ya nemi zango ba zai rasa wanda zai yi masa tafinta ba, ba kuma zai rasa masallaci ba.

Wane wata?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, ita ce kuma a kan manta.

Kififiyar teku ba ta fitowa tudu sai za ta yi ƙwai, macen kaɗai ke fitowa, da dare. A Ada irin babbar nan ta fi fitowa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Akwai wata ƙarama, mai nauyin kamar rabin buhu, ita ta kan riga ta farawa. Wanda ya je a Mayu ko Yuni ya yi asarar kuɗin mota.

Mun yi sa'a, don watannin nan sun dace da manomi. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, lokacin da dama a ke fita cin rani ke nan. Sun dace da ruwa kuma. Daminar kudancin Gana ba irin tamu ba ce, kashi biyu ce. Babbar tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar kuwa daga Satumba zuwa Nuwamba. Tsakiyar shekara teku ya kan yi fushi, raƙuman ruwa su yi girma. Ƙarshen damina kuma kogi ne abin tsoro. Can sama an tare Bolta da babbar madatsa a Akosombo, wadda aka gama a 1965. In ruwa ya yi mata yawa, tilas a buɗe a rage. A Satumba da Oktoba na 2023 an yi haka, ruwa ya ci garuruwa da dama a ƙasan kogin, mutane dubbai suka bar gidajensu. Saboda haka Disamba da Janairu su ne zaɓinmu.

Kada mu ɗauki kayan sanyi da yawa. Hunturu ya kan kai can, amma ƙarfinsa ya ƙare a hanya. Hazo kaɗan ne, da gumi.

Wata da ruwa

Ga wani abu da ba mu da shi a Tiga ko Bagauda. Ruwan tafki in ya cika da damina yana nan sai rani ya rage shi. Teku kuwa ya kan kawo ya janye sau biyu kowace kwana ɗaya da yini ɗaya. Wajen awa shida yana hawa, wajen awa shida yana sauka. Inda ka tsaya a kan busasshen rairayi da hantsi, in ka komo bayan 'yan sa'o'i sai ka tarar ruwa ya rufe wurin. A gaɓar Gana bambancin ya kan kai mita ɗaya ko fiye, watau ya iya kai wa mutum ƙugu ko ƙirji.

Abin da ke jan ruwan nan, da ikon Allah, wata ne. Rana ma tana ja, amma jan wata ya fi, don ya fi kusa da mu. Kun san kullum wata ya kan yi jinkirin fitowa a kan na jiya da kusan awa guda. To, haka cikar teku ta ke jinkiri, wajen minti 50 kowace rana. In yau ya cika da ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 10 saura minti goma.

Har wa yau, cikar ba daidai ta ke kullum ba. Sa'ad da wata ya tsaya, da sa'ad da ya cika daren sha huɗu, jan rana da na wata su kan haɗu a layi ɗaya. A kwanakin nan ruwa ya kan hau ƙwarai, ya kuma janye ƙwarai, igiyarsa ta yi ƙarfi. Wajen bakwai ga wata, da wajen ashirin da biyu, sai abin ya yi sauƙi. Kun ga ashe tsohon da ke lissafin kwanan wata a ƙofar gidansa a Kano, wanda bai taɓa ganin teku ba, yana riƙe da rabin ilmin masunta na Ada bai sani ba.

Me ya sa za mu damu da wannan? Domin bakin kogi. In teku yana janyewa, ruwan kogi da na teku su kan haɗu su yi waje gaba ɗaya da gudu, su yi karo da raƙuman ruwa masu shigowa. Wurin ya kan yi kamar tukunya na tafasa. Kwalekwalen da injinsa ya mutu a daidai nan, waje ruwa zai yi da shi. In kuwa teku yana kawowa ne, ko inji ya mutu, ciki ruwa zai turo jirgi, wajen tsibirai. Don haka za mu roƙi mai jirgi ya kai mu wajen bakin kogi sa'ad da ruwa ke hawa, kuma ya tsaya nesa. Daga nesa ma ana ganin kome. Akwai jadawali da a ke bugawa na sa'o'in cikar teku na kowace rana, ana kuma samunsa cikin wayar hannu. Lambobi ne kawai da kwanan wata. Wanda ya gama ajin nan ya iya karanta shi.

Hanya, takardu da kuɗi

Daga Kano zuwa Ikko ya fi mil 600. Daga Ikko sai a bi gaɓar teku a yi yamma, fiye da mil 200. Za a ƙetare iyaka uku. Ta fari a Seme, a shiga ƙasar Binin, a wuce Kwatano. Ta biyu a shiga Togo, a wuce Lome. Ta uku a Aflawo, a shiga Gana. Sa'an nan a haye gadar Bolta a Sogakofe, a sauka a mararrabar Kase, a nemi ƙaramar mota zuwa Ada Fowa. Ba sai an kai Ankara ba. Ku lura da wannan, don mai barci a mota sai ya farka a Ankara ya biya kuɗin komowa.

Nijeriya da ƙasashen nan uku duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda tun 1979 ta yarda ɗan ƙasa ɗaya ya shiga ɗaya ba biza har kwana 90. Amma ba biza ba shi ne ba takarda ba. Kowa sai ya riƙe fasfo, ko takardar tafiya ta ƙungiyar. Kowa kuma sai ya riƙe katin nan rawaya na allurar shawara. Allurar sau ɗaya a ke yin ta, ta isa har iyakar rai, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta. Kada a bari sai jajibirin tafiya. Kowa ya duba sunansa a fasfo da kati, harafi harafi, ya tabbata iri ɗaya ne.

Kuɗi iri uku za mu taɓa: naira, da sefa a Binin da Togo, da sidi a Gana. Canji yana hawa yana sauka, don haka ba na rubuta muku farashi. Mu zaɓi ma'aji, mu ba shi littafi. Ya ja layi, ya rubuta mota zuwa, mota komowa, masauki, abinci, jirgi, ladan ma'aikatan da za su raka mu. Kuɗin komowa a ƙulle shi dabam, kada a taɓa ko da me. Kwanan masauki kuma a lissafta uku ko huɗu, ba ɗaya ba. Dalili yana zuwa a gaba.

Jirgi

Mu mutanen Kano ba sai an yi mana dogon wa'azi a kan wannan ba. Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgi ya kife a madatsar Watari, tsakanin Badau da Bagwai. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Jirgin an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Ruwan kuwa ba teku ba ne, babu raƙuman ruwa, babu bakin kogi.

Saboda haka kafin a yi maganar kuɗi sai a ga jirgi da ido. A tambayi mai shi mutum nawa ya ke ɗauka. In ya ce goma sha biyar, mu goma mu shiga, kada ya ƙara mana ko mutum ɗaya a hanya, ko da ya ce ƙanensa ne. In duk mun zauna, a duba gefen jirgi. In mutum ya iya taɓa ruwa da yatsa ba tare da ya sunkuya ba, lodi ya yi yawa, wasu su sauka. Gara a ɗauki jirgi biyu.

A nemi rigar hana nutsewa, kowa da tasa. A sa ta tun a tudu, a ɗaure igiyoyinta tam. Rigar da ke ƙarƙashin benci ba ta ceton kowa. Na san abin da zai faru: dattijo zai ce shi ba ya sa rigar yara a kan babbar riga. To, ya tuɓe babbar rigar ya ninke. In ta jiƙe nauyi gare ta, tana kuma naɗe hannu da ƙafa. Wani kuma zai ce ya iya iyo tun yana yaro. Iyon kududdufi dabam, iyo a ruwa mai igiya dabam.

A duba ko akwai filafili ko gora a cikin jirgin, saboda mutuwar inji, da abin kwalfe ruwa, da man da zai isa zuwa da komowa. Sa'an nan a yi ciniki. A faɗi tsibiran da za a je, da awa nawa, da ko kuɗin mai yana ciki. Ma'aji ya rubuta a gaban mai jirgi da tafinta, ya karanta musu. A ba da rabi, rabi sai an sauka lafiya. Sharaɗi na ƙarshe shi ne a komo kafin faɗuwar rana. In an makara, a yi salla a tsibiri a kwana, ya fi a hau ruwa cikin duhu.

Cikin jirgi ba a tashi tsaye, ba a kuma taruwa gefe ɗaya. Wannan ya fi wuya a kiyaye, don da wani ya ce "Ga shi can!" sai kowa ya yi wajen.

A ɗauki ruwan sha. Ruwan teku mai tsarki ne, malamai sun ce ana alwala da shi, amma ba ya shawuwa, ƙishirwa ya ke ƙarawa. Ruwan kogin kuma kada a yi wanka a cikinsa inda ya kwanta da ciyayi, akwai tsargiya a Bolta kamar yadda ta ke a fadamunmu. Takardu da waya a ƙulle cikin leda. Ledar kuma a komo da ita gida.

Abin da za a gani da rana

Tashin sassafe ya fi, kafin iska ta taso. Jirgi zai bi tsakanin tsibirai. Wasu da ƙauyuka a kansu, bukkoki a ƙarƙashin itatuwan kwakwar Attagara. Wasu ba kowa sai wani irin kurmi da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Kada ku raina kurmin nan don ba shi da kyan gani. Cikin saiwoyinsa 'ya'yan kifi su ke ɓuya har su girma, shi ne kuma ke riƙe ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. In ruwa ya janye za ku ga ƙaguwa ba iyaka a kan taɓo, da wani ɗan kifi mai idanu a bisa ka wanda ke fitowa tudu yana tsalle. Za ku ga masu nutso suna fito da wata halitta mai ɓawo biyu, dangin dodon koɗi. Naman su kan soya su sayar, ɓawon kuma su tara tuli tuli.

Tsuntsaye kuwa akwai sanannu, balbela da zalɓe da shirwa. Akwai kuma baƙi, fararen tsuntsayen teku masu dogon fiffike da wutsiya mai baki biyu, waɗanda ke faɗowa ruwa kamar kibiya su ɗauki kifi. Da yawansu a Turai a ke ƙyanƙyashe su, sanyi ya koro su nan. Yaya aka sani? Masana a Ingila da Ailan su kan sa wa 'ya'yan tsuntsayen ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, da lamba da adireshi a jiki. Yaran bakin teku a Gana suna kama su da tarko, sai aka riƙa samun zobban. Da aka karanta, aka gane tsuntsun da bai kai tantabara nauyi ba ya yi tafiyar mil dubbai. Aka kuma gane tarkon yana rage su, har aka kafa wani shiri a 1985 don a jawo hankalin yaran su bari. Saboda tsuntsayen nan da kififiyoyi aka sa Songo da kewayensa cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yi alkawarin tsarewa, a 1992. Fadamar Nguru ta shiga jerin nan a shekarar 2000.

Wani zai tambaya, ayu fa? Akwai shi a Bolta, kamar yadda ya ke a Kwara da Binuwai. Amma kada mai jirgi ya karɓi kuɗinku da alkawarin zai nuna muku shi. Ayu dabba ce mai kunya, ciyawa ta ke ci, hanci kawai ta kan fitar ta shaƙi iska ta koma. Ɗa ɗaya ta ke haifa bayan ciki na wajen shekara guda, sa'an nan ta daɗe tana shayarwa. Shi ya sa in aka kashe ɗaya, a kan daɗe ba a mayar da gurbinta ba. Neman man ayu da namansa ya rage su ƙwarai, doka kuma ta hana kashe su a Gana da Nijeriya duka. In aka yi muku tallan kwalba a tasha, ku wuce.

Daren kififiya

Ita kififiya ba daga cikin jirgi a ke kallon ta ba. Da ƙafa a ke bin gaɓa, da dare. Hukumar kula da namun daji ta Gana tana da ofis a Ada Fowa. Tun ranar da muka sauka za mu je can mu gai da su, mu rubuta sunayenmu. Ma'aikatansu sun san inda a ke fitowa, su ne za su raka mu. Dokar Gana ta hana kama kififiyar teku ko ɗiban ƙwanta tun 1971, don haka baƙon da aka gani shi kaɗai yana yawo a gaɓa da tsakar dare zai sha tambaya.

Tafiya ce cikin rairayi mai nutsewa, awa biyu ko uku, wani lokaci fiye. Abin da a ke nema da fari sawu ne. Sawun babbar ya yi kama da na taragon noma, ya fito daga ruwa ya nufi tudu. In an gan shi sai kowa ya tsaya ya yi shiru, ma'aikaci ya je shi kaɗai ya dubo.

Dalilin shirun shi ne, sa'ad da ta fito tana neman wuri, abu kaɗan ke firgita ta. Haske, ko surutu, ko mutum ya gitta ta gabanta, sai ta juya ta koma ruwa da ƙwanta. Saboda haka ba tocila, ba hasken waya, ba taba. Ma'aikata su kan riƙe fitila mai jan haske, wadda ba ta damun ta sosai. Daren farin wata ya fi daɗin tafiya saboda wannan.

In ta sami wuri, sai ta share rairayi da hannuwanta na gaba, waɗanda su ke kamar fukafukai. Sa'an nan ta haƙa rami da na baya, ɗaya bayan ɗaya, tana ɗebo rairayi kamar mai ɗiba da ludayi, har zurfin ya wuce kamu ɗaya. Ba ta ganin abin da ta ke yi, amma ramin ya kan fito sumul kamar tulu. Sai ta fara zuba ƙwai. A nan ne ma'aikaci zai yafuto mu, mu matso ta bayanta, mu durƙusa. Ƙwan farare ne, kewayayyu, ɓawonsu da taushi kamar fata, don haka ba su fashewa in sun faɗa. Ta kan zuba wajen 80 ko fiye a rami ɗaya, ta kuma komo bayan kamar kwana goma ta sake, sau da dama a shekarar.

Ku dubi bayanta da kyau. Babbar nan ba ta da ƙoƙo mai tauri irin na kunkuru. Fata ce baƙa mai kauri, da layuka bakwai a tsaye daga wuya zuwa wutsiya. Za ku ji tana nishi, don da huhu ta ke numfashi kamar mu, ko da ya ke ta kan nutsa fiye da mita 1,000. Za ku ga kuma kamar tana hawaye. Mutane su kan ce zafin haihuwa ne. Ba shi ba ne. Gishirin da ta sha a teku ne jikinta ke fitarwa ta wajen ido. Abincinta wata halitta ce mai taushi kamar kamu, mai siffar laima, wadda ke yawo cikin ruwa. Leda in ta faɗa teku ta buɗe, kamarsu ɗaya. Ta kan haɗiye, ta toshe mata hanji. Dalilin da na ce a komo da leda gida ke nan.

In ta gama sai ta rufe ramin, ta daddanna, ta watsa rairayi ko'ina don ta ɓad da wurin, ta ja jiki ta koma. Ba ta kwanci, ba ta kuma sake waiwayar ƙwan. Zafin rairayi ne ke ƙyanƙyashe su bayan wajen wata biyu. Abin mamaki, zafin nan ne ke raba maza da mata. In rairayi ya yi zafi ƙwarai mata su fi yawa, in da sanyi-sanyi maza su fi.

'Ya'yan su kan fito da dare gaba ɗaya, kowane bai fi tafin hannun yaro ba. Wajen da ya fi haske su ke nufa, a gaɓar da ba kowa kuwa teku ne ya fi haske. In akwai fitilar gida ko wutar 'yan kallo a tudu, sai su juya su nufe ta, gari ya waye musu a kan rairayi. Karnuka kan tone ramin tun ba a ƙyanƙyashe ba. Ƙaguwa da tsuntsaye suna jira a hanya, kifaye suna jira a ruwa. Masana suna ƙiyasin cikin dubu da ƙyar ɗaya ke girma. Wadda ta girma, in mace ce, bayan shekaru masu yawa ta kan komo yankin da aka ƙyanƙyashe ta ta yi nata ƙwan. Rairayin ma raguwa ya ke yi. Madatsa ta tare yashin da kogi ya saba kawowa, teku kuma yana cin gaɓar Ada, har ya ci wani sashe na tsohuwar ganuwar da Turawan Danmak suka gina a can a 1783.

Ana iya bin gaɓa dare guda cur ba a ga ko sawu ba. Ba laifin ma'aikaci ba ne, kada a nemi ya mayar da lada. Kwana uku ko huɗun nan da ma'aji ya rubuta, amfaninsu ke nan. A yi barci da rana, a ci abinci, bayan lisha a sake fita.